Masu Tsara Manhajoji, Ku Zo Ku Ga Yadda Muke Latsa Wayar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da nake gani kullum a wurin sana'ata, wanda mutanenmu suka ɗauka tamkar ƙaddara, alhali aikin hannun ɗan Adam ne, kuma ɗan Adam zai iya gyara shi. Ina da ɗan shago a Marwa, a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, inda nake buga takardu da kwamfuta, ina cajin waya, ina kuma taya mutane cike fom a intanet, kama daga rajistar jarrabawa da neman aiki har zuwa biyan kuɗin wasu hidimomi. A shekarun da na yi a wannan shago na ga yatsun mutane masu yawa a kan fuskar waya, kuma maganar da na fi ji daga bakinsu ita ce, "Ni ban iya ba." Dattijo yana faɗar ta, matar aure tana faɗar ta, har ɗalibin jami'a yakan faɗe ta ƙasa-ƙasa idan yana zaton babu mai jin sa. A ganina, sau da yawa wanda bai iya ba yana can zaune a ofis a Duwala ko Yawunde ko wata ƙasa mai nisa, shi ne wanda ya tsara shafin ko manhajar ba tare da ya taɓa ganin fuskar mai amfani da ita ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani dattijo, abokin mahaifina, mai fataucin albasa. A kakar albasar da ta wuce ya so ya biya kuɗin dakon buhunansa zuwa kudu ta wata manhaja da aka saka masa a waya. Ya rubuta adadin, ya latsa maɓallin biya, fuskar wayar ta tsaya cik kamar babu abin da ya taɓa. A cikin kasuwa yake, rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa, rana ta take, direba yana tsaye a kansa yana jira. Ya sake latsawa. Can bayan ɗan lokaci sai saƙo biyu suka shigo a jere, an cire kuɗin sau biyu. Da yamma ya zo shagona ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, duba mini wannan abu, na san hannuna ne ya yi ɓarna, amma kuɗin sun ragu fiye da lissafina." Na ce masa, "Baba, hannunka bai yi laifin komai ba, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa bai ji an amsa ba ai zai sake ƙwanƙwasawa." Sai da muka yi mako biyu muna kai da komo kafin kuɗin su dawo, kuma har aka gama bai daina ba ni haƙuri ba a kan wahalar da yake ganin ya jawo mini.

Wannan kuskure ba sabo ba ne ga masu sana'ar, domin suna da ilimi na musamman a kansa, wanda suke taƙaita sunansa da haruffa biyu, UX, wato duk abin da mutum yake ji kuma yake fuskanta tun daga lokacin da ya buɗe manhaja har ya biya buƙatarsa. Wani masani ɗan Amurka, Don Norman, shi ya yaɗa wannan suna lokacin da yake aiki a kamfanin Apple a farkon shekarun 1990. A 1994 kuma Jakob Nielsen ya fitar da ƙa'idoji goma na auna sauƙin amfani da manhaja, kuma ta farkonsu ita ce na'ura ta riƙa sanar da mutum halin da ake ciki. An ma auna haƙurin mutum a gaban na'ura: idan amsa ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa yana ganin nan take ne, idan ta kai daƙiƙa ɗaya yana lura amma tunaninsa bai yanke ba, idan kuwa ta haura daƙiƙa goma hankalinsa ya tafi wani wuri. A wurinmu jiran daƙiƙa talatin abu ne na yau da kullum. Saboda haka da mai manhajar nan ya san rezon kasuwar Marwa, da ya sa maɓallin ya kulle kansa bayan latsawar farko, ya rubuta a fili cewa ana aikawa, a dakata, kuma idan aka nemi tura adadi ɗaya ga mutum ɗaya sau biyu a cikin minti guda, manhajar ta tambaya ko da gangan ne. Wannan aikin 'yan sa'o'i ne ga wanda ya iya rubuta manhaja.

Tun da maganar kuɗi ake yi, akwai abin da ban taɓa ganin wata manhaja ta kula da shi ba. A kasuwa ba ma lissafi da sefa ɗai-ɗai. Da dala muke ƙirga, kuma dala ɗaya sefa biyar ce, don haka idan mai kayan miya ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi, idan kuma aka ce jaka guda, sefa 1000 ke nan. Abokan cinikinmu na Cadi da suke magana da Larabci su ma haka suke yi, riyal ɗinsu sefa biyar ce. Ke nan duk wanda zai tura kuɗi sai ya fara ninka lissafi sau biyar a cikin kansa kafin ya rubuta. A kan wannan kuma sai a ƙara masa ruɗanin rubutun lamba, domin a tsarin Faransanci ana raba dubbai da fili ko ɗigo, waƙafi kuma na ɓangaren da bai kai ɗaya ba ne, a tsarin Ingilishi kuwa waƙafi ne yake raba dubbai, kuma ƙasarmu tana aiki da harsunan biyu. Wasu manhajojin ma ba sa raba komai, sai su jera sifiri huɗu ko biyar a manne da juna cikin ƙananan haruffa, mutum ya ƙura ido yana ƙirgawa ko dubu goma ce ko dubu ɗari. Ba na cewa a sauya kuɗin ƙasa, amma me zai hana a nuna adadin da manyan lambobi a rarrabe, a rubuta shi da kalmomi a ƙasa, a kuma nuna sunan wanda zai karɓa kafin a nemi lambar sirri? Inda ake nuna sunan mai karɓa, na sha ganin mutum ya janye yatsansa yana salati saboda ya gane ya kuskure lamba ɗaya.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne cike fom, domin a nan ne ake gane cewa mai tsarin ya ɗauka duk duniya irin gidansu ce. Fom yana neman sunan iyali da sunan yanka a gurabe biyu, kuma ba zai wuce ba sai an cike duka, alhali da yawa daga cikinmu sunanmu ne da na mahaifi, wasu kuma suna ɗaya tak ne a katinsu na ɗan ƙasa. Sai mu maimaita sunan sau biyu domin fom ya yarda, daga baya kuma a ce takardar ba ta dace da katin ba. Fom yana neman rana da wata da shekarar haihuwa, alhali dattawanmu da yawa abin da aka rubuta a takardunsu shi ne an haife su wajen shekara kaza, babu rana babu wata. Fom yana neman sunan titi da lambar gida, mu kuwa kwatancenmu shi ne unguwar Domayo, bayan masallaci, gida na uku daga bishiyar darbejiya, kuma da wannan kwatancen mai babur zai kai ka ƙofar gidan ba tare da ya tambayi kowa ba. Lambar waya a Kamaru tana da lambobi tara tun 2014, ta Cadi kuwa takwas ce, to ɗan kasuwar Kuseri da rabin abokan cinikinsa suke tsallaken gada a Njamena yaya zai yi da gurbin da ba ya karɓar komai sai tara? Sannan ga adireshin imel da ake wajabtawa ga mutumin da bai taɓa buɗe imel ba, sai mu buɗe masa a tsaye, ya manta kalmar sirrin kafin ya isa gida, saƙon da yake jira kuma ya tafi can ya kwanta.

Mafi muni shi ne shafin da yake share duk abin da aka rubuta saboda kuskure ɗaya. Na taɓa zama da wata yarinya mai neman gurbin karatu, muka cike shafi huɗu, muka ɗora hoton takardunta, da muka latsa aikawa sai wani jan rubutu ya fito yana cewa an sami kuskure, bai faɗi ko a ina ba, kuma duk guraben suka koma fari fat. Sai a karo na uku muka gano cewa hoton ne ya fi girman da ake so, kuma babu inda aka faɗi girman tun farko. Yarinyar ta biya kuɗin data sau uku, ta biya ni lokacina, ga wa'adin rufe rajista yana matsowa, ta fita tana cewa ita dai ba ta da sa'a da na'ura. Ƙa'idar a nan tsohuwa ce kuma sananniya: a faɗi sharaɗi kafin mutum ya fara, a nuna kuskure a daidai gurbin da yake da harshen da za a gane, a kuma ajiye abin da ya riga ya rubuta, musamman a garin da wuta takan ɗauke ba sallama.

Akwai kuma rashin jituwa tsakanin shafin intanet da manhajar waya na ma'aikata ɗaya. A kwamfutata abu yana hannun dama da suna kaza, a waya an ɓoye shi a ƙarƙashin wasu layuka uku da wani suna dabam, har idan na koya wa mutum hanya a shago, ya koma gida ya buɗe wayarsa sai ya tarar da wani gari. Tun 2010 Ethan Marcotte ya bayyana hanyar gina shafi ɗaya da yake daidaita kansa da faɗin kowace fuska, babba ko ƙarama, kuma wajen wannan lokaci ne aka fara kira da a riƙa fara tsari daga waya kafin a faɗaɗa shi zuwa kwamfuta. Amma har yau ina ganin shafukan da sai an ja su hagu da dama da yatsa biyu kafin a sami maɓallin aikawa. Mafi yawan mutanen da nake hulɗa da su ba su da kwamfuta kuma ba su da niyyar saye, wayar nan ita ce ofishinsu. Ita ma wayar ba irin ta mai tsarin ba ce. Mafi yawanci itel ce ko Tecno, wurin ajiyarta ya cika da hotunan biki da karatun malamai, gilashinta ya tsage a kusurwa. Idan aka ce wa mai ita sai ya sauke manhaja mai nauyi kafin ya biya kuɗin abu ɗaya da yake biya sau ɗaya a shekara, sai ya goge wani abu da yake ƙauna, ya kuma ƙona data. Kamfanin Facebook da duk arzikinsa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda irin wayoyinmu da irin rezonmu. Kamfanin Transsion na Sin, mai itel da Tecno da Infinix, ya mamaye kasuwar waya a Afirka ne saboda ya lura muna son layi biyu a waya ɗaya, da batir mai daɗewa, da kyamarar da take fitar da baƙar fata da kyau. Har ma zan ce, lambobin nan da muke bugawa da etuwal da diyez, wato alamomin * da #, domin tura kuɗi, duk da ba su da ado ko kaɗan, sun fi manhajoji da yawa mutunta mai amfani, domin suna aiki a ƙaramar waya mai maɓallai, ba sa cin data, kuma tambaya ɗaya suke yi a lokaci guda.

Rana ma tana da nata hukunci. Rubutu mai launin toka a kan fari yana da kyau a ɗaki mai labule, amma a fito da shi tsakar kasuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, a ga ko akwai mai iya karanta shi, balle wanda idonsa ya fara rauni. Ƙungiyar W3C, mai shata ƙa'idojin intanet, ta ƙayyade cewa bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Google kuma ya ba da shawarar kada wurin latsawa ya gaza kimanin milimita 9 a kowane gefe. Babban yatsan manomin masakwa ko maƙeri ya fi haka faɗi, fatarsa kuma ta yi kanta, to ina dalilin manna maɓallin amincewa da na sokewa gefe da gefe, kowanne kamar ƙwayar gero?

Wasu za su ce maganin duk wannan shi ne a fassara manhajojin zuwa harsunanmu. Ina son haka, amma da sharaɗi. Da farko, mu Hausawan wannan yanki muna zaune ne a cikin Fulatanci, shi ne harshen kasuwa a Marwa da Garwa da Ngaundare, a Kuseri kuma Larabcin Shuwa ne, don haka duk wanda zai yi fassara ya san ba harshe ɗaya zai yi ba. Na kuma ga fassarar Hausa da na'ura ta yi aka manna ba tare da Bahaushe ya duba ba, wadda sai na koma Faransancin kafin na gane abin da ake nufi, ga haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zama ƙananan akwatuna saboda salon rubutun da aka zaɓa bai san su ba. Bayan haka, mutane da yawa da suka sauke Alƙur'ani kuma suke rubuta ajami ba sa karanta boko, kuma fassara a rubuce ba ta kai gare su ba. Hotunan da ake sakawa a madadin kalmomi su ma ba kowa suke yi wa magana ba. Keken tura kaya na babban kanti yana nufin saye ga wanda ya saba shiga irin wannan kanti, hoton faifan kwamfuta na da yana nufin ajiyewa ga wanda ya taɓa ganin faifan, ga ƙanwar mahaifiyata kuwa duka biyun zane ne kawai. Wata mai bincike a Indiya, Indrani Medhi, ta yi shekaru tana gwada manhajoji da mutanen da ba su yi karatu ba a unguwannin Bangalore, ta nuna cewa murya da zane mai kama da abin da mutum ya sani sun fi rubutu da alamomi amfani a gare su. Mu ma shaida ne, domin tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, tsofaffin da ba su taɓa rubuta saƙo ba suka shiga harkar da ƙarfinsu, ba tare da kowa ya buɗe musu aji ba.

Akwai wahalar da ake jawowa da gangan, kamar hidimar da ake shiga da latsawa ɗaya bisa kuskure, tana cin kuɗi kullum, fita daga cikinta kuwa sai an bi ƙofa bakwai. Harry Brignull na Ingila ya ba irin wannan dabara suna tun 2010 domin a riƙa tona ta, ni kuwa a Hausance ban san sunanta ba sai ha'inci, kuma hukumomin da suke kula da sadarwa ya kamata su dube ta da wannan ido.

Ba na son in ɗora wa matasanmu masu rubuta manhaja laifin da ba nasu ba. Na san wasu da suka fito daga Jami'ar Marwa da ta Ngaundare, suna da basira, kuma sun san duk abin da na lissafa domin su ma iyayensu da dala suke ƙirga. Matsalar sau da yawa tana wurin wanda ya ba da aikin, wanda yake son hotonsa da jawabinsa su cika shafin farko, abin da jama'a suka zo nema kuma a tura shi can ƙasa, yana son a gama cikin mako biyu, kuma idan aka ambaci gwaji da mutane sai ya ce babu kuɗi. Alhali gwajin ba shi da tsada. Nielsen ya nuna a shekarar 2000 cewa idan aka zaunar da mutum biyar kawai aka kalli yadda suke amfani da abu, za a gano kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolinsa. Sharaɗin shi ne a ba mutum aiki na gaske, a ce masa ga waya, biya kuɗin nan, sannan mai tsarin ya kama bakinsa, kada ya nuna masa inda zai latsa, ya zuba ido ya ga inda yatsan ya tsaya yana shawagi. Badukun Marwa, da aka san su da aikin fata, ba sa yanka takalmin da aka ba su aikinsa sai sun sa mutum ya taka takarda sun zana ƙafarsa, kuma idan takalmin ya matse ba su taɓa cewa ƙafar ce ba ta iya ba.

Dalilin da ya sa nake ganin abin ya wuce maganar jin daɗi shi ne, wahalar manhaja tana tilasta wa mutane miƙa sirrinsu. A rana ɗaya mutum nawa ne suke ba ni wayarsu su faɗa mini lambar sirrin kuɗinsu da babbar murya, shago cike da jama'a, domin in yi musu abin da ya kamata su yi da kansu? Ina hana su, ina juya musu wayar su buga da hannunsu, amma ba kowane mai shago ne zai yi haka ba, kuma 'yan damfara sun san cewa mutumin da ya yarda bai iya ba zai bi umarnin duk wanda ya kira shi da murya mai kama da ta ma'aikaci. Matan da suke cikin gida abin ya fi shafa, domin kuɗin adashinsu da na ƙananan sana'o'insu sai sun bi ta hannun yaro ko maƙwabci kafin su isa inda aka nufa.

Saboda haka ina kira, ta wannan jarida, ga bankuna da kamfanonin sufuri da makarantu da ofisoshin gwamnati da suke ba da aikin shafi ko manhaja, su sa gwaji da mutanen arewa a cikin yarjejeniyar tun farko, a yi shi a kan ƙaramar waya, a waje, da rezon da muke da shi. Duk mai son yi, bencin shagona yana nan, kuma ranar Litinin da babbar kasuwar Marwa take ci zan samo masa mutum biyar kafin azahar, har da mai albasar nan idan ya yarda, domin tun daga wancan karon ya sa na goge masa manhajar, ya koma ɗaure kuɗin dako a aljihun ciki yana kai wa direba hannu da hannu a tasha.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Marwa, Kamaru.